Me Ya Sa Ɗan Indiya Yake Auna Rayuwarsa Da Wasan Kurket?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a kudancin Indiya. Abokin ɗakina ɗan ƙasar ne, mai hankali da natsuwa, amma ranar da Indiya ke wasan kurket sai ya koma wani mutum daban. Ko zancen jarrabawa ake yi, ko na neman aiki, ko na aure, sai ya jawo misalin wani ɗan wasa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, an taɓa yin wani wasa kwana 5 aka tashi ba wanda ya ci, shi kuwa yana ta murna. Mene ne a cikin wannan wasa da har ya shiga jinin mutanen nan haka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Abokinka lafiyarsa ƙalau, kuma irinsa ba sa ƙirguwa daga Kashmir har Kerala. Abin da ya hana ka ganin abin da yake gani shi ne kana kallon kurket da idon mai kallon ƙwallon ƙafa, inda ake minti 90 ido na kan fili, a busa a watse. Shi kurket a kan jira aka gina shi. Yana zama da mutum cikin yininsa, ya bar shi ya je aji, ya ci abinci, ya yi gardama da mai shayi, ya dawo ya tarar ana nan ana yi. Wasan da ya ba mutum irin wannan sarari na tunani, ba makawa wata rana mutum ya fara auna al'amuransa da shi.

Sai ka san tsarin wasan kafin maganar ta zauna maka. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa da aka daddaɓe, tsawonsa yadi 22, wato wajen mita 20, an kafa turaku uku na itace a kowane ƙarshensa. Mai jifa yakan taho da gudu ya jefa ƙwallon fata mai tauri, ta daki ƙasa ta taso tana neman turakun. Mai bugu yana tsaye a gabansu da sanda mai faɗi, yana kare su yana kuma neman maki. In ya buga, shi da abokinsa suka ruga suka yi musayar wuri, maki 1 ke nan. In ƙwallon ta gangara ta fita da'irar fili, maki 4. In ta tsallake ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. Jifa 6 su ne oba guda. Ana fitar da mai bugu ne in, misali, ƙwallon ta daki turakunsa ko aka cafe bugunsa kafin ƙwallon ta taɓa ƙasa, kuma da zarar an fitar da mutum 10, zagayen bugun wannan ƙungiya ya ƙare. Ana yin wasan iri uku: na kwana 5 da ake kira Tes, inda kowace ƙungiya ke bugu sau biyu, na yini ɗaya mai oba 50, sai T20 mai oba 20, wanda ake gamawa cikin sa'a uku da 'yan kai.

Yanzu dubi halin da mai bugu yake ciki. Rai ɗaya gare shi. Ɗan gaba a ƙwallon ƙafa zai iya ɓarar da dama goma, ya ci ta goma sha ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai bugu kuwa, ko ya yi sa'a biyar bai yi kuskure ba, in hankalinsa ya gushe na ƙiftawar ido, ƙwallon ta goga gefen sandarsa wani ya cafe, shi ke nan. Zai saɓa sandarsa ya taka shi kaɗai har ɗakin 'yan wasa, dubban mutane na kallonsa, kuma mai yiwuwa sai bayan kwana biyu ko mako guda zai sake samun dama. Ka haɗa wannan da ƙasar da abokinka ya tashi a ciki, mai mutum fiye da biliyan 1.4. Jarrabawar shiga karatun likita, yara fiye da miliyan 2 ke zaunawa a rana ɗaya. Ta shiga manyan muƙaman aikin gwamnatin tarayya, wajen mutum miliyan 1 ke cike takarda duk shekara, guraben kuwa wajen 1,000 ne. Yaron da ya shekara biyu yana karatu dare da rana saboda zaman sa'a uku ya san abin da mai bugu ke ji sa'ad da mai jifa ya taho. Ba wai abokinka yana ƙawata magana ba ne in ya kawo misalin kurket a zancen jarrabawa. Abu ɗaya yake gani a wuri biyu.

Akwai kuma wata fasaha da baƙon wasan ba ya lura da ita sam, ita ce barin ƙwallo ta wuce. Gwanin mai bugu, in ya ga jifan ba zai taɓa turakunsa ba, kuma an yi shi ne don a yaudare shi ya miƙa sanda, sai ya ɗaga hannuwansa sama ya bar ta ta wuce. Ba maki, ba motsi, amma tsofaffin 'yan kallo za ka ji suna tafi. In ka ji abokinka ya ce game da wata baƙar magana da aka yaɓa masa cewa wannan ƙwallo ce ta bari, to daga nan ya samo ta.

Mu zo kan canjaras ɗin da ya ɗaure maka kai. A wasan Tes, yawan maki kaɗai ba ya ba ka nasara. Sai ka fitar da mutanen abokin karawarka duka kafin lokaci ya cika. In rana ta biyar ta faɗi da sauran mutum biyu a tsaye, ko da tazarar maki ɗari nawa ce, ba ka ci ba. Saboda haka wannan canjaras ba kunnen doki ba ne na an yi daidai. Sau da yawa ma'anarsa ita ce mai ƙarfi ya yi iya yinsa ya kasa kayar da mai rauni.

Misalin da ya fi kusa shi ne na birnin Sydney a watan Janairun 2021. Ostireliya ta gindaya wa Indiya maki 407, abin da kusan ba a cimmawa a zagaye na ƙarshe. A rana ta biyar Rishabh Pant ya yi 97, Cheteshwar Pujara ya yi 77, duka aka fitar da su, ga sauran yini mai tsawo. Waɗanda suka rage a fili su ne Hanuma Vihari, wanda jijiyar bayan cinyarsa ta yage har ba ya iya gudu, da Ravichandran Ashwin, wanda ciwon baya ya hana shi ko sunkuyawa da safen nan. Na gaba da zai shigo, Ravindra Jadeja, babban yatsansa a karye yake. A gabansu kuwa ga Pat Cummins da Mitchell Starc da Josh Hazlewood suna jifa da gudun da ya kai kilomita 140 a sa'a, suna auna haƙarƙari da ƙirji. Mutanen nan biyu suka tsaya fiye da oba 42. Vihari ya fuskanci jifa 161 ya samu maki 23 kacal. Ashwin ya fuskanci 128 ya samu 39. Ba a fitar da ko ɗayansu ba har aka tashi. Wanda ya duba allon maki zai ce ba abin da ya faru. Wanda ya kalla ya san ya ga mutum biyu da jikinsu ya ƙi, suka ƙi bari a kayar da su. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, amma shekara da shekaru bai bar 'ya'yansa sun fita daga makaranta ba, yana ganin kansa a irin wannan tsayuwa, kuma ni a ganina yana da gaskiya.

Jerin wasannin nan gaba ɗaya ma 'yan Indiya sun mai da shi abin buga misali. A wasan farko a Adelaide, a Disambar 2020, zagayen bugunsu na biyu ya ƙare a kan maki 36, mafi ƙanƙanta a tarihinsu na Tes. Kyaftin Virat Kohli ya koma gida saboda haihuwar da matarsa za ta yi. Ajinkya Rahane ya karɓi ragama, ya yi 112 a Melbourne, suka ci. Suka tsira a Sydney. Da aka zo wasan ƙarshe a filin Gabba na Brisbane, inda rabon Ostireliya da shan kaye tun 1988, manyan masu jifan Indiya duk suna jinya. Wanda ya jagoranci jifa shi ne Mohammed Siraj, a wasansa na uku na Tes a duniya. Mahaifinsa direban babur mai ƙafa uku ne a Hyderabad, irin adaidaita sahun nan tamu, kuma ya rasu a watan Nuwamba Siraj yana Ostireliya, dokokin killacewa na korona sun sa in ya tafi jana'iza da wuya ya dawo cikin wasan. Mahaifiyarsa ta ce ya zauna ya cika burin mahaifinsa. A Gabba ya fitar da mutum 5 a zagaye na biyu. Ranar ƙarshe Pujara ya sha duka a hular kwano da yatsu da haƙarƙari, ya tsaya jifa 211, Pant ya ƙarasa da 89, suka cimma maki 328. Da Siraj ya sauka a Hyderabad, daga filin jirgi maƙabarta ya wuce kafin ya shiga gida. Ka tambayi abokinka wannan labari, ka ga yadda fuskarsa za ta canza.

Wani abin da ke jawo tunani a wasan shi ne ba kome ne ke hannun ɗan wasa ba. Zirin ƙasar nan yana da rai. A ranar farko yana iya kasancewa da ɗanyar ciyawa da laima, ƙwallo tana karkacewa. A rana ta biyu da ta uku ya bushe ya yi daɗin bugu. Zuwa ta biyar ya tsattsage, takalman masu jifa sun farfasa shi, masu murza ƙwallo da yatsu sun samu abin da suke so. Ita kanta ƙwallon tana tsufa, a wasan Tes ba a saba sauya ta sai bayan oba 80. Hadari in ya taso yana taimakon mai jifa, raɓar dare tana sa ƙwallo santsi a hannunsa. Kuma wa zai fara bugu, kwabo ake jefawa sama. Mutum biyu masu gwaninta ɗaya, ɗaya ya shigo da rana tsaka ƙasa ta kwanta, ɗaya ya shigo da yamma ga sabuwar ƙwallo ga duhun hadari. Mai kallon kurket tun yana yaro yake koyon raba abin da yake na ƙoƙari da abin da yake na rabo, kuma yana koyon kada ya yanke wa mutum hukunci da adadi kaɗai sai ya tambaya a wane yanayi ya samo shi.

Kafin talabijin ta yaɗu, da rediyo aka yi renon wannan soyayya. Gidan rediyon ƙasar yana watsa sharhin wasa tun safe har yamma, da Turanci da Hindi. Kamar yadda dattijo a Kano ko Zinder ke jingine rediyonsa yana ɗinki ko yana jiran mai saye, haka tela da akawu da mai aski suke yi da kurket a can, hannu na aiki kunne na fili. Yau waya ta maye gurbin rediyo, amma ɗabi'ar ba ta sauya ba. A jirgin ƙasa mutumin da bai san ka ba, ba addininku ɗaya ba, wataƙila ma ba harshenku ɗaya ba, zai leƙo ya ce maki nawa, mutum nawa aka fitar. A ƙasar da tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, ba abubuwa da yawa ne ke buɗe baki tsakanin baƙo da baƙo haka ba.

Amma asalin wurin da wasan ke shiga jini shi ne lungu. Ka fita unguwar da ke bayan jami'arku ranar Lahadi da safe ka tsaya ka kalla. Za ka ga an zana turaku uku da alli ko gawayi a jikin bango, ko an jera bulo. Ƙwallon tanis ce, ba ta fata ba. Mai sanda shi ke fara bugu, wannan ba a gardama a kai. In ƙwallo ta daki ƙasa sau ɗaya aka cafe da hannu ɗaya, ka fita. In ka buga ta faɗa gidan maƙwabcin da ke faɗa, ka fita, kuma kai za ka je roƙo. In mota ta shigo a dakata, in ta wuce a ci gaba. Ƙaramin cikinsu, wanda ba ƙungiyar da ke so, shi ake sa wa ya yi tsaron fili wa kowane ɓangare, a ba shi bugu a ƙarshe. Ba alƙali, saboda haka rabin lokacin a gardama yake tafiya, kuma a nan yaro ke fara sanin wane ne mai faɗin gaskiya ko da a kansa take, wane ne mai ɗauke sandarsa ya tafi gida in an fitar da shi. A Mumbai, a filayen Azad Maidan da Shivaji Park, wasanni da yawa ake yi lokaci ɗaya a fili guda, mai tsaron wannan wasa ya ba mai tsaron wancan baya, kowa ya san ƙwallonsa. A Shivaji Park ɗin ne malamin shahararren mai bugu Sachin Tendulkar, Ramakant Achrekar, yakan ɗora sulen rupi ɗaya a kan turke lokacin Tendulkar yana yaro. Wanda ya fitar da yaron ya ɗauka, in ba a fitar da shi ba har aka tashi ya zama nasa. Tendulkar ya tara 13, kuma ya sha faɗin cewa suna cikin abubuwan da ya fi ji da su.

Tarihin wasan ma yana da nasa nauyin a zuciyarsu. Turawan Ingila ne suka kawo shi, suna yi a kulob-kulob ɗinsu da ba a barin ɗan ƙasa ya shiga. Al'ummar Farsi ta Bombay, wato Mumbai ta yanzu, ce ta fara kafa nata kulob a 1848, Hindu da Musulmi suka biyo baya, har aka daɗe ana gasa a birnin bisa addini: Turawa, Farsi, Hindu, Musulmi. Gandhi ya soki wannan tsari a 1940, aka daina shi a 1946. A cikin wannan zamani akwai mutumin da nake so ka riƙe sunansa, Palwankar Baloo. An haife shi a 1876 cikin zuriyar majema, waɗanda tsarin ajin haihuwa na Hindu ya ɗauka a matsayin waɗanda ba a taɓawa. Aikinsa share fili da daddaɓe shi a kulob ɗin Turawa a Poona, a nan ya koyi murza ƙwallo da hannun hagu yana yi wa wani hafsan Ingila jifa. Da gwanintarsa ta fito fili, ƙungiyar Hindu ta ɗauke shi don tana son cin Turawa, amma lokacin hutun shayi a waje ake miƙa masa nasa, ba ya zama tebur ɗaya da waɗanda suke taɓa ƙwallo ɗaya da shi a fili. A 1911, da tawagar Indiya ta je Ingila, ya fitar da mutum fiye da 100, ya fi kowa a tafiyar. Duk da haka ba a taɓa naɗa shi cikakken kyaftin ba. Ƙanensa Vithal ne ya samu wannan a 1923, ya kuma ci gasar. B. R. Ambedkar, wanda daga baya ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, yana cikin matasan da suka ɗauki Baloo gwarzo. Saboda haka tun kafin 'yancin kai, a filin kurket ake ganin tambayar da ƙasar ke fama da ita har yau, wato ko gwaninta za ta iya rinjayar asali.

Indiya ta yi wasanta na farko na Tes a 1932 a filin Lord's na Landan, ba ta ci ko ɗaya ba sai 1952. Ranar da ta juya kome ita ce 25 ga Yunin 1983. A gasar cin kofin duniya biyu da suka gabata wasa ɗaya tak Indiya ta ci. Ta zo wasan ƙarshe ta haɗu da West Indies, ƙungiyar tsibiran Karibiyan da ta ɗauki kofin a 1975 da 1979, ta yi maki 183 kawai. Kyaftin ɗin Indiya Kapil Dev ya ruga da baya ya cafe ƙwallon gwanin bugunsu Viv Richards, aka fitar da zakarun a kan 140. Bayan shekara huɗu aka buga gasar a Indiya da Pakistan, karo na farko a wajen Ingila. Sai buɗe tattalin arzikin 1991 da tashoshin tauraron ɗan'adam, suka zo daidai da tashen Tendulkar, wanda ya fara buga wa ƙasa a Karachi a 1989 yana ɗan shekara 16. Shekarun nan a gidaje da yawa in an fitar da shi kashe talabijin ake yi. Ya yi shekara 24 yana wasa, Tes 200, ya kai maki 100 sau 100 a wasannin ƙasa da ƙasa. Mutumin da ya fara kallonsa yana firamare ya kalli ritayarsa a 2013 da ɗansa a cinya. Shi ya sa ɗan Indiya ke lissafin shekarunsa da wasanni: ya san inda yake zaune daren 2 ga Afrilun 2011 da kyaftin ɗinsu na lokacin, Dhoni, ya buga maki 6 na cin kofin duniya a Mumbai, ya san wanda yake kusa da shi, ya san wanda a cikinsu ba ya raye yanzu.

In za a ce in zaɓi rana ɗaya da ta nuna mafi kyawun halin mai kallon kurket a Indiya, zan zaɓi ranar da suka sha kaye. Chennai, ƙarshen Janairun 1999. Pakistan ta zo wasan Tes bayan kusan shekara goma ƙasashen biyu ba su yi ba, wata takwas bayan kowacensu ta gwada makamin nukiliya, kuma wasu 'yan tsageran siyasa sun riga sun haƙe filin Delhi don hana ziyarar. Indiya na neman 271, aka fitar da mutum 5 a kan 82. Tendulkar ya tsaya da ciwon baya mai tsanani, ya kai 136. Saura maki 17 ya ɗaga ƙwallon Saqlain Mushtaq sama, Wasim Akram ya cafe. Ragowar suka zube, Pakistan ta ci da maki 12. Tendulkar ko fitowa karɓar kyautar gwarzon wasa bai iya yi ba. Mutanen Chennai kuwa, da zuciyarsu a karye, suka miƙe tsaye suna tafa wa 'yan Pakistan, har 'yan wasan suka zaga filin suna ɗaga musu hannu. Wannan tarbiyya ce da wasa mai tsawo ke yi wa mai kallonsa. Wanda ya zauna kwana huɗu yana ganin gwanintar abokin gaba da idonsa, da wuya ya iya musun ta.

Ba zan ɓoye maka ɗaya fuskar ba, don za ka gamu da ita. A 1996 a Kolkata, da Indiya ta kama hanyar faɗuwa a hannun Sri Lanka a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin duniya, 'yan kallo suka yi ta jifa da kwalabe suna cinna wuta a kujeru har aka tsai da wasan. A 2007 da aka fitar da Indiya tun zagayen farko na gasar cin kofin duniya, an far wa gidan da Dhoni ke ginawa a Ranchi. A 2021 da Pakistan ta ci su, mai jifan Indiya Mohammed Shami ya sha zagi a intanet saboda shi Musulmi ne, sai da Kohli ya fito fili ya kare shi da kakkausar murya. A gasar Asiya ta 2025 'yan wasan ƙasashen biyu ko musabaha ba su yi ba. Ni wannan yana damuna ƙwarai, domin ƙasar da ta yi Chennai ta san abin da ya fi haka. Sai kuɗi. Gasar IPL, wato gasar T20 ta ƙungiyoyin ƙwararru a Indiya, da aka fara a 2008 an sayar da haƙƙin nuna ta na 2023 zuwa 2027 a kan sama da dala biliyan 6. Ta fitar da yara daga talauci, ba shakka: Rinku Singh, wanda mahaifinsa ke rarraba tukwanen gas a Aligarh, ya buga maki 6 sau biyar a jere a obar ƙarshe a 2023, washegari duk ƙasar ta san sunansa. Yashasvi Jaiswal ya yi zaman tanti a Azad Maidan yana yaro. Dhoni kansa mai duba tikiti ne a tashar jirgin ƙasa ta Kharagpur kafin duniya ta san shi. Amma ƙofar ƙunci gare ta, kuma a bayan kowane ɗaya da ya shige akwai dubbai da suka bar karatu ba su kai ko'ina ba. Caca kuma ta bi wasan tun badaƙalar sayar da wasa ta 2000, ta dawo a IPL a 2013, sannan ta shiga wayoyin matasa da sunan wasan hasashe, har majalisar ƙasar ta haramta wasannin kuɗi na intanet a Agustan 2025. In ka ga abokinka ya daina jin daɗin kyakkyawan bugu, hankalinsa na kan abin da zai samu ko zai rasa, to ka ja shi gefe ka yi masa nasiha. Wannan ba son kurket ba ne kuma.

Wani sauyi da ya faranta mini rai shi ne na mata. Mithali Raj da Jhulan Goswami sun yi shekara wajen ashirin suna wasa a filayen da ba kowa. A 2022 hukumar kurket ta ƙasar ta daidaita kuɗin wasa tsakanin maza da mata, a 2023 aka fara gasar ƙwararru ta mata, sannan ranar 2 ga Nuwamban 2025 tawagar Harmanpreet Kaur ta doke Afirka ta Kudu a Navi Mumbai ta ɗauki kofin duniya karo na farko. Yanzu a lungunan nan za ka fara ganin yarinya riƙe da sanda, ba tsaye a bakin ƙofa tana kallon yayyenta ba.

Shawarata gare ka, kada ka fara da IPL, hayaniyarta za ta rufe maka wasan. Ka nemi ranar da ƙungiyar jiharku ke buga gasar Ranji, wadda ake yi tun 1934, shiga sau da yawa kyauta ce ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka ce abokinka ya raka ka, ku zauna kusa da tsofaffin da ke zuwa da ƙunshin abincinsu. Kada ka bi ƙwallo da ido kawai. Ka dubi inda kyaftin ke tsai da mutanensa, ka tambaya me ya sa ya matso da wancan, me mai jifa ke shirya wa mai bugu tun jifa uku da suka wuce. In yara suka miƙo maka sanda a lungu ka karɓa. Ranar da Indiya ta sha kaye a babban wasa, irin na 19 ga Nuwamban 2023 a Ahmedabad, da suka ci wasa 10 a jere a gasar cin kofin duniya suka faɗi a na ƙarshe a hannun Ostireliya, kada ka tsokane shi, ka bar shi ya huce. Ranar wasa da Pakistan kuma ka kama bakinka a bainar jama'a, kai baƙo ne.

Za su tambaye ka ko ana kurket a Najeriya. Ka ce ana yi. Matasanmu maza 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matanmu kuma a zuwansu na farko, a Malesiya a Janairun 2025, sun doke New Zealand da maki 2. Abokinka ya san nauyin wannan suna, domin manyan New Zealand ne suka zo har gida a ƙarshen 2024 suka ci Indiya wasan Tes uku a jere, bayan ta shekara 12 ba wanda ya ci ta jerin wasanni a ƙasarta.